Ranar da Turaren Habsu Ya Ƙone

Ku ƴan matan yanzu da samarinku, ku ji tsoron Allah! Yarinya tana zaune gaban uwarta, wuya a karye, ido a cikin portabul, wayar hannun nan, a kira ta sau uku kafin ta ce na'am, kuma ko ɗagowa ba za ta yi ba. Wannan lalacewa ce. Wadda take ganin wasa nake, ta zauna ta ji abin da ya sami Farida a nan Gure.

Farida ɗiyar wani ɗan kasuwa ce mutumin Damagaram. Aisami, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya gan ta ya so ta. Mahaifiyarsa Ya Falmata, wadda duk garin an san babu mai haɗa turaren wuta kamarta, ba ta so auren ba. Ta ce ranar da ta je gidansu sai da ita ta fara gaishe da yarinyar, don idonta na kan waya. Aisami ya yi ta roƙo, ya ce shi ya ɗauki nauyin halinta. Aka yi aure. A faɗi gaskiya, Farida ta yi biyayya shekara guda cur, har zuciyar tsohuwa ta fara sanyi.

Wata Laraba da hantsi Ya Falmata ta kira ta bayan ɗaki. Ga kasko bisa gawayi, sukari ya narke, ga itacen hawi da sandal a babban kwano.

"Zauna," in ji tsohuwa. "Itacen nan kwana arba'in yana jiƙe. Na auren ƙanwar mijinki ne Habsu, saura kwana tara. Haɗin nan wurin kakata na gaje shi, ban taɓa nuna wa wadda ban haifa ba. Yau ki koyi suya. Idan mun sauke, in gaya miki abu uku da ake zubawa a ƙarshe."

"Inna, ni? Na gode, Inna! Allah ya ƙara girma!"

Suna cikin juyawa aka yi sallama, aka ce an yi rasuwa gida na huɗu. Ya Falmata ta yafa mayafi.

"Ki yi ta juyawa, kada ki ɗaga hannu. In ya fara kamawa ki rage gawayi. Yanzu zan dawo."

Farida ta juya, ta juya, hannu ya gaji. Portabul ya yi ƙara a gefen zani. Ta ce bari dai ta duba ɗaurin kallabin da za ta yi ranar biki, bidiyo ɗaya tak. Bayan ɗaki babu rezo, waya ba ta kamawa, sai ta matsa ƙofar ɗakinta. Na kallabi ya ƙare, wani ya faɗo ba ta kira shi ba, wata mata tana zagin mijinta. Bayansa rawa, bayansa wani yaro ya faɗo daga jaki. Tana dariya, yatsa yana ta turawa.

Ƙamshi ne ya dawo da ita. Ta ruga, ta tarar da kasko yana ci da wuta, hayaƙi ya turnuƙe har saman darbejiya. Turaren da amarya za ta yi shekara tana ɗiba kaɗan-kaɗan ya tashi gaba ɗaya. Unguwa kaf ta ɗauki ƙamshi. Mata suka fara leƙowa, wata tana cewa, "Kai! Wace amarya aka kawo ba a gaya mana ba?"

Ya Falmata tana zaune a gidan makoki ta shaƙi ƙamshin hannunta, ta gane. Ta dawo, ta dubi baƙin kasko, ta dubi surukarta.

"Ina kika je?"

"Babu ko'ina, Inna! Ina tsaye... iska ce ta taso, wuta ta kama."

Ko ganye ba ya motsi ranar. Daidai nan Aisami ya shigo daga lakwal, ya tarar da mata cike da gida, Habsu tana kuka, matarsa tana tsaye gaban kasko.

"Matarka ta ƙona turaren ƙanwarka," in ji uwarsa, "kuma ta ɗora da ƙarya."

"Haba Inna! Farida ba ta ƙarya! Tun farko ba ki son ta, dalili kawai kike nema!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba tunda aka haife shi, yau ya yi a gaban matan unguwa. Tsohuwa ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. In an kai mata tuwo daga ɗakinsu, yadda ya je haka yake dawowa. Farida ta kasa ci, ta kasa haɗa ido da kowa. Rana ta huɗu da safe Aisami ya zauna kusa da ita.

"Sheri, masoyiyata, daina kukan nan. Zan nemi a mayar da ni lakwal ɗin Gidigir, mu bar musu gidan. Ni na yarda da ke."

Wannan kalmar ce ta karya ta. Ta zame ƙasa ta riƙe ƙafarsa.

"Kada ka yarda da ni, Malam! Babu wata iska. Bidiyo nake kallo a ƙofar ɗaki. Inna gaskiya ta faɗa!"

Aisami ya dube ta. "Saboda ke na yi wa uwata tsawa, Farida. A gaban mutane."

Suka tafi ɗakin tsohuwa su biyu, suka durƙusa. Ya Falmata ta ce ba za ta ji komai ba sai an kira matan da suka ga abin. Aka kira su. A gabansu Farida ta faɗi gaskiya, Aisami kuma ya nemi gafara yana hawaye kamar yaro.

"Kai na yafe maka," in ji tsohuwa. "Ita ma na yafe mata turaren. Ku tashi ku ba ni wuri."

Farida ta miƙa wa mijinta portabul ta ce ya fasa shi. Ya ce a'a, da shi take magana da uwarta, da shi take koyon ɗinki. Ya kai Farida kasuwa wurin abokinsa Tahiru mai gyaran waya. Tahiru ya goge aplikasiyo, wato manhajar da take kallon bidiyo da ita, ya sa mata wata.

"Madam, wannan ke ce mai ba ta umarni. In bidiyo ya ƙare, ta tsaya. Gajerun nan masu bin juna, ga wurin rufe su. Abin da kika zaɓa kaɗai za ta nuna. Me za a bar miki?"

"Ɗinki da tafsiri."

"Shi ke nan? Ko ɗan na dariya?"

"Rufe, Tahiru. Na yi dariyar da ta ishe ni."

A gida ta kalli yadda ake yanka hannun riga. Ya ƙare, gilashi ya tsaya shiru. Sai ta ga babban yatsanta yana ta turawa shi kaɗai, babu abin turawa. Kunya ta sake rufe ta, ta ajiye wayar ta ɗauki almakashi. Da Aisami ya je yana yi wa uwarsa bayanin sabuwar aplikasiyo, cewa ta yi, "Waya aka gyara. Mai wayar za mu gani."

An kai Habsu gidan miji da turaren kasuwa. Farida tana riƙe da kwanon amarya ta ji wata daga dangin ango tana cewa, "Ɗiyar Ya Falmata da turaren saye? Ikon Allah!" Habsu ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Farida ta so ƙasa ta buɗe.

Ta yi haƙuri, ta riƙe aikinta da bakinta. Bayan shekara biyu tsohuwa ta koma ce mata "ɗiyata", aure ya zauna lafiya, ba su je Gidigir ba. To ku ji, ƴan mata: amana in an ba ku, ku ajiye abin hannunku ku riƙe ta, in kuma kun yi ɓarna ku faɗa nan take, kada ku sa mai son ku ya saɓa wa uwarsa a kan ƙaryarku.

Amma abu ukun nan na ƙarshe, Ya Falmata ba ta sake tayar da zancensu ba, Farida kuma ba ta da fuskar tambaya. Habsu aka koya wa. Har yau in an aza kasko a bayan ɗaki, Farida ke kawo gawayi, ta ajiye, ta koma.