Tsumman Cikin Sifika

Maigidan tsohon direban babbar mota ne, ƙarar inji ta cinye masa kunne. Talabijin ɗinsa kuwa irin sharɓeɓen nan ne marar kauri, muryarsa kamar kukan sauro. Kullum yana gabansa yana "Me suka ce?" har matarsa ta gaji da amsawa.

Sabuwar sifika ta fi ƙarfinsa, sai ya samo tsofaffi biyu na katako a shagon mai gyaran rediyo. Da la'asar ya haɗa wayoyin. Ɗaya ta yi magana tar, ɗayar sai gunaguni. Ya leƙa ramin da ke bayanta, ya ga tsumma a cushe, ya sa yatsa ya zaro ba ko bisimilla, ya watsar a shara. Mutum da furfurarsa, bai san ba a taɓa rami haka kawai ba.

"Yanzu na ji magana," in ji shi, ya ƙure muryar sifikun.

Magariba ta yi, aka kashe talabijin. Sifikar ba ta yi shiru ba. Numfashi ke fita daga cikinta a hankali, sai kukan jariri can ƙasa-ƙasa. Suka zare waya. Kukan bai tsaya ba.

Ya kai ta bola, ya dawo ya tarar da ita a mazauninta. Daga nan gida ya zama kurkuku. Duk wanda ya nufi ƙofa da almuru, tsakuwa ce za ta sauka a gabansa. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Sannan autarsu, budurwa mai surutu kamar kanari, ta wayi gari ba murya. Baki na motsi, babu abin da ke fita.

Ƙanin matar ya kawo malami mai ruƙiyya. Malam ya zauna a falo ya yi ta karatu, har yarinyar ta sandare, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji malam.

"Ita ba ta yi ba, ubanta ne. Akwatin sifikar nan ɗakina ne, a ciki na haihu. Ya yashe shimfiɗar ɗana, ya sakar masa tsawa a ka. Muryarta na riƙe, shi ke nan."

"Ki ji tsoron Allah. Laifin uba ba ya hawa kan 'ya."

Maigida ya matso. "Malam, me ta ce? Me ta ce?"

Aljanar ta dube shi da idon 'yarsa.

"Au. Ashe kurma ne?"

"Kurma ne. Ba mugunta ba ce, ji yake nema."

"To ya cusa mana rigar da ke jikinsa a ramin. Ya kai mu inda ba hayaniya, da akwatin da ɗan'uwansa."

Malam ya faɗa masa da ƙarfi. Maigida ya dubi sifikun, ya dubi 'yarsa, ya tuɓe rigar, ya cusa a ramin. Da kansa ya ɗauke su zuwa wani kango. Ko tsakuwa ɗaya ba ta sauka ba.

Yana dawowa yarinyar ta yi atishawa, ta ce, "Baba."

Bai ji ba. Sai da ta kai baki kunnensa ta sake faɗa.

Har yau, in an kunna talabijin, a nan gefensa take zama, tana gaya masa abin da suka ce.