Hantar da ke Cikin Kwalba

Darasinmu na ɗaliban likitanci ya kai har bayan magariba. Malam ya ɗaga kwalbar da aka ajiye hantar wani mamaci a ciki, ya ce, "Ku ga aikin giya. A kwalba ya rayu, a kwalba ya ƙare!" Muka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa.

Wani dattijo na zaune kusa da ni, ban ga shigowarsa ba. Rigarsa sai warin maganin ajiye gawa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "kullum haka yake faɗa. Gaya masa ciwo ne kawai. Giya ba ta taɓa shiga bakina ba."

Ya gyara wuyan rigarsa, sai ga ɗinkin baƙin zare a fatarsa ya gangara ƙirjinsa. 'Yan ajin na ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.