Ƙyallen Kakar Tasalla

A wani gari, can zamanin da, mata sukan taru kowace shekara su ɗinka babban mayafi, kowane gida ya kawo ƙyalle ɗaya. Wata yarinya, Tasalla, ta kawo guntun zanen kakarta da ta rasu, duk ya koɗe, ta ɗinke shi a tsakiya.

Matar mai gari ta gani, ta ɓata rai. "Ke yarinya, farke tsumman nan!"

Tasalla ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna, ba zan farke ba."

Aka miƙo mata alharini mai sheƙi. Ta ce, "Ba zan farke ba."

Aka ce to ta tashi ta bar wurin. Ta dafe ƙyallen da hannu biyu. "Ba zan farke ba."

Sai wata tsohuwa ta matso, ta duba. "Ai zanen ungozoma ne! A cikinsa ta karɓi rabin garin nan. Ke ma, uwar gida, da shi aka naɗe ki."

Matar mai gari ta zauna kusa da Tasalla, ta ce, "Miƙo mini allura."