Furen Kuɓewa Na Sukari

Raudatu ta ɗaga faifan, sai ta saki salati.

Furannin sukarin da ta sha wahalar ƙerawa duk sun narke, sun kwanta a tire kamar kunu. Gobe ne walimar saukar Safiyatu, ƙanwar saurayinta Tahir, kuma Raudatu ce ta yi alkawarin kek ɗin.

"Wa ya rufa musu jiƙaƙƙen tsumma?"

"Ni ce," in ji Aina'u, da ta shigo gidansu wai taya aiki. "Na ga ana zafi, na ce su sha sanyi. Daga taimako?"

Aina'u 'yar ƙanin Inna Hure ce, mahaifiyar Tahir, kuma ita Inna take so ya aura. Raudatu kuwa, Inna ta faɗa a gaban mutane cewa mai wasa da sukari ba za ta riƙe gidan manomi ba.

Tahir ya dawo daga gona ya same ta a zaure tana kuka.

"Haba Rauda, sanyin idona... wa ya taɓa min ke?"

"Shi ke nan, Yaya Tahir! Inna za ta ce ta faɗa."

"Ki sake kwaɓa wani mana."

"A wannan daminar? Iska duk lema ce. Sai an samu wuri busasshe ƙarau, in ba haka ba ko na ƙera ba zai tsaya ba."

Sai ya ce, "Rumbun Baba."

Tun rasuwar mahaifinsa, Malam Nababa, ba mai buɗe rumbun nan sai Inna.

Da la'asar Safiyatu ta ja Raudatu har tsakar gidansu. Raudatu ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Rumbuna ne wurin ajiyar alawa?" in ji Inna. "To zauna nan, in ga wasan da idona."

Raudatu ta daka sukari a turmi har ya koma gari, ta tankaɗe shi da tsohon kallabi. Ta zuba ƙaron da ta jiƙa, ta matsa lemon tsami kaɗan, ta yi ta murzawa da ƙarfin dantse. Gumi ya tsattsafo mata. Ƙullun ya haɗe jikinsa, fari sol, yana miƙewa ba ya tsinkewa.

"Ashe ana daka a ciki," Inna ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Raudatu ta ɗiga ruwan gangamau, ƙullun ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ta tsakuro kaɗan, ta latsa shi a tafin hannu har ya yi siriri kamar fatar albasa. Ta jera kunnuwan furen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsoma tsinke a ruwan zoɓo ta taɓa tsakiyar.

Furen kuɓewa ya buɗe a hannunta.

Safiyatu ta manta da muciya a tukunya.

"Subhanallahi..." Inna ta matso, ta miƙa yatsa, ta fasa taɓawa. "Har da jan nan na ciki! Wa ya koya miki?"

"Kallonsa nake yi a bayan ɗakinmu, Inna."

Inna ta nuna wani ɗaki da hannu.

"Kowace damina sai Malam ya shuka min kuɓewa a bayan ɗakin can. In ta yi furen fari, shi ke kira na in fito in gani. Bana ban bari kowa ya shuka ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Da Raudatu ta gama ƙera sauran furannin, Inna ta miƙe, ta jingina tsani, ta hau ta buɗe rumbun da kanta. Raudatu na miƙa mata furannin, tana jera su a kan gero a hankali kamar ƙwai.

Washegari mata suka yi cincirindo a kan kek ɗin, ana ta kabbara, an rasa mai zuciyar sa wuƙa. Aina'u ta leƙa sau ɗaya ta ja baya.

Inna ta cire fure guda ta ƙulle a gefen zaninta, ta kama hannun Raudatu.

"Ki ce wa Babanki bayan kaka muna tafe."

Tahir da ke laɓe a bakin zaure ya dafe ƙirji.

An ɗaura auren bayan an yanke gero. Inna ta ci tuwon Raudatu wata biyu kacal, Allah ya karɓi abarsa. Har ranar da ta cika, ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce, "Ina 'yata?"