Ciwon Cinyar Kaka Crisanta

A garinmu, kusa da birnin Oaxaca, an yi wata yarinya mai taurin kai. Ba daga nesa ta gado shi ba. Kakarta Crisanta ta fi ta sau goma.

Shekara talatin Kaka tana ɗaukar kwandon furanni a ka, tana rawa a gaban jerin gwanon bikin gari. Ba ta taɓa fashi ba.

Ƙashin Kaka ya yi rauni da tsufa. Shekara bakwai ke nan tana shan wata ƙwaya mai ƙarfafa ƙashi. Duk Lahadi da safe take haɗiye ta da ruwa kofi guda, kafin ta ci komai. Sai ta yi rabin awa a zaune kamar yadda aka umurce ta, tana mita.

Wata rana yarinyar ta iske ta a kicin tana murza cinya.

"Kaka, me ya same ki?"

"Ba komai. Cinyar ce ke ɗan damuna. Kada ki gaya wa uwarki. Tana ji za ta hana ni rawa."

"Ko an kashe ni ba zan faɗa ba," in ji yarinyar.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Mama, uwar yarinyar, ta lura da ɗingishin Kaka, ta kira 'yarta gefe.

"Ke da kike manne da ita, Kaka ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Dubi idona ki faɗa."

Ta kuwa kafa wa Mama ido, ta maimaita. Ni abin da ya ba ni haushi, har alfahari ta yi da wannan ƙarya.

Saura kwana biyar biki, aka fita gwajin rawa. Kaka ta ɗora kwando, ta yi juyi ɗaya, ta yi na biyu. A na uku ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta zube zaune, furanni suka watse a ƙasa. Yarinyar ta ruga wurinta.

A asibiti Likita Zárate ta tambaya, "Doña Crisanta, yaushe ciwon ya fara?"

"Yau ɗin nan. Targaɗe ne kawai. Ki ba ni man shafawa in tafi."

Kaka ta harari yarinyar. Yarinyar ta ji tsoro, amma ta miƙe.

"Ba yau ba ne. Wata biyu ke nan."

"Rufe mini baki, 'yar tsegumi."

"Ba zan rufe ba, Kaka. Na rufe wata biyu, ga inda ya kai mu."

Likita ta ajiye alƙalami. Ta tambayi shekara nawa Kaka ta yi tana shan ƙwayar, sannan ta sa aka ɗauki hoton ƙashin cinyoyin biyu. A na dama an ga tsaga siririya kamar zare.

"Maganin nan yana da amfani," in ji likita. "Yana hana karaya. Amma in an daɗe ana sha, wasu 'yan kaɗan ƙashin cinyarsu kan tsage. Ciwon cinya ne alamar farko. Da kin tafi da man shafawa kin yi rawa, da ƙashin ya karye gida biyu."

"To mu zubar da ƙwayar," in ji yarinyar.

"Ba ke za ki yanke ba, ba Kaka ba. Likita ke dakatar da ita. Yau na dakatar."

Aka yi wa Kaka aiki. Kwana uku ba ta yi wa jikarta magana ba. Yarinyar ta ba Mama haƙuri, ta yi kuka sosai.

Ranar biki aka turo Kaka a keken marasa lafiya, kwandon a gefenta. Ta yafito yarinyar.

"Ke mai baki, zo nan. Tunda kin hana ni rawa, sai ki yi a madadina."

Ta ɗora mata kwandon da hannunta. "Miƙe wuya. Ba buhun masara kika ɗauko ba."

Da shekara ta zagayo, su biyu suka shiga gaba, Kaka da sandarta, jika da kwandon.

Yara, ku riƙe wannan. Ciwo ba sirri ba ne. Ko wa ya ce ku ɓoye, ku gaya wa babba tun da wuri.