Wa Zai Cuɗa Bayan Bushta?

Ku matso ku ji abin da kwaɗayin kujera ya yi wa Bushta a garinmu, nan gindin duwatsun Atlas. Shi da Mubarik malamin makaranta suka fito neman shugabancin majalisar gari. Tun suna yara tare suke zuwa gidan wanka ran Juma'a, wannan ya cuɗa bayan wancan, kamar yadda mazan gari ke yi. Mubarik bai yi aure ba, jinyar tsohuwarsa yake, kuma shi jama'a ke so.

Da Bushta ya ga zai sha ƙasa, sai ya hau dutse wurin boka Si Allal. Ɗaki ba taga, busassun jemagu a rataye, ƙoƙon kan akuya cike da toka, turare na warin ƙonannen gashi.

"Kujera kake so, ko abin da ke ƙarƙashinta?" in ji boka.

"Duka, Sidi. Filayen kasuwa, kwangilar ruwa."

"To ka kawo mini soson da Mubarik yake cuɗa ka da shi. Amma sai ka fara ture hannunsa a gaban mutane, ka ce maza yake nema."

"Ai ƙarya ce, Sidi."

"Da gaskiya kake nema, masallaci za ka."

"Nawa zan biya?"

"Riƙe dirhaminka. Rigar da za ka ɗinka masa ba ta tsufa. In ya tuɓe, wani naka zai sa."

Bushta ya tuna ƙannen matarsa 'yan zaman banza, ya ce, "Su sa mana."

Ran Juma'a, cikin tururi, Mubarik ya ɗauki soso yana dariya. "Juyo, abokin gaba, in wanke ka kafin in kayar da kai."

Bushta ya zabura. "Cire hannunka daga jikina! Mun san abin da ya hana ka aure, mai neman maza!"

Kowa ya juyo. Mubarik ya ce, "Bushta? Ni?" Bushta ya ɗauke soson, ya kai dutse.

Boka ya jiƙa soson da jinin baƙin zakara, ya binne. Magana zarar bunu ce. Samarin da Bushta ke saya wa shayi suka yi ta jifan gidan Mubarik, iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinsa. Baƙin ciki ya kashe tsohuwarsa, shi kuma ya shiga mota, ba a sake ganinsa ba.

Bushta ya hau kujera. Bene ya tashi, gonakin zaitun suka zama nasa. Amma duk ruwan da ya zuba a bayansa, "Bushta? Ni?" yake ji.

Da wani zaɓen ya zagayo, ɗansa tilo Jilali ya miƙa hannu zai cuɗa wani a gidan wanka. Mutumin ya zabura, ya faɗi kalmomin nan sak. Samarin nan dai, waɗanda Bushta ya koya wa jifa, yanzu shayin wani suke sha. Su suka tare Jilali a bayan kasuwa, sai gawarsa aka kawo. Uwarsa Zuhur ta zauce, tana bin bangon gari da soso tana gogewa, tana cewa, "Dattin bai fita ba."

Bushta ya koma dutse yana kuka. Boka ya ce, "Ka tambaye ni wa zai sa rigar?"

Kujera ta tafi, bene ya tsage. Har yau yana zuwa gidan wanka ran Juma'a, ya raɓe a lungu da soso a hannu, babu mai ce masa juyo.

Kai mai neman kujera da naman ɗan'uwanka, ramin mugunta ko gajere kada ka gina. Ba ka san ƙafar ɗan wa za ta faɗa ba.