Fangalin da Ba a Sa wa Taki

"Wa ya taɓa min fangalin nan?!"

Auta ta durƙusa a gonar gwaji ta jami'a. Fangali huɗu na tumatir take nazari a kansu, aikin kammala digirinta. Uku ta sa musu takin ganye, na huɗu kuwa da gangan ta bar shi haka, domin da shi za a auna bambancin. Ga shi yau ya fi sauran kore!

Saurayinta, ma'aikacin laburare, yana bayanta yana murmushi.

"Ni ne, Manomiyata. Na ga shi kaɗai ya rame, kullum kina tsaye kansa kina rubutu... sai na sayo takin zamani na zuba masa ranar da kika je gida."

"Ka kashe ni!"

"Haba masoyiya, taimako fa..."

"Ramewar nake aunawa! Wata huɗu!"

Murmushin ya ɓace, bawan Allah ya rasa inda zai sa hannunsa.

Farfesan da ke duba aikinta bai ja magana ba: sai ta maimaita shekara.

Umma kuwa, da ma ba ta son karatun noma, saurayin ma ba ta sonsa.

"Ai ga irinta nan! Ki tattaro ki dawo gida."

"Umma, shekara ɗaya kawai..."

"Ki yi. Amma kada ki kira ni kina kuka."

Ba ta kira ba. Shi kuma saurayin ta toshe lambarsa.

'Yan ajinsu suka gama suka watse. Ɗakin kwanansu mai gado huɗu ya koma nata ita kaɗai. Da safe ta ɗauki abin awo da littafi ta tafi gona, da yamma ta dawo ta ci abinci tana kallon bango. Wata rana ta kama kanta tana yi wa tumatir hira. Kewarsa take, kuma haushin kewar ya fi kewar ciwo.

Sabon fangali na huɗu ya rame yadda ake so. Ranar awon ƙarshe ta hango mutum bayan shingen waya, ya tura hannuwa biyu cikin aljihu.

"Me ya kawo ka?"

"Kullum ina zuwa. Daga nan nake tsayawa. Na karanta littattafan sashenku bakwai, Auta. Yanzu na san abin da na ɓata miki."

Ya dubi fangali na huɗun, ya ci gaba.

"Wallahi ganinsa a rame yana ci min rai... amma ban taɓa ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta buɗe ƙofar shingen, ta miƙa masa littafin.

"Zan auna, kai ka rubuta. Abin da na faɗa kawai."

"Ko lambar ba ta yi kyau ba?"

"Ko ba ta yi kyau ba."

Ya cire murfin biro.